Mutum na Shida

Ni ne matuƙin jirgin, Eusebio.
Kwana uku muna hawan kogin Marañón daga Nauta,
inji yana tari irin na mutanen da muka baro.
Nélida na zaune tsakiya, rungume da akwatin ƙanƙara
kamar jaririn da aka ba ta riƙo.

A watan farko rediyo ta ce wanke hannu ya isa,
ƙyallen rufe hanci na ma'aikatan asibiti ne.
A wata na uku, muryar nan dai,
ko gyaran murya ba ta yi ba,
ta ce wanda aka gani fuska a buɗe, tara.
Mutumin da ke zana hawan ruwa da saukarsa
a jikin turken ɗakinsa
ba ya mance maganar da ta juya baya.

Da muka isa, ba wanda ya sauko karɓar igiya.
Yaran da kan yi rige-rigen ɗaukar buhun gishiri
an janye su bayan ayaba.
Tsohuwa Hermelinda kaɗai ke bakin gaɓa,
tukunyarta na tafasa,
citta, tafarnuwa, ɓawon itace,
abin da ta shayar da ƙauye
lokacin da tulun iskar numfashi ya fi jirgina tsada
kuma ba wanda ya zo.

Ta ce: Ina kuke a watan da muka binne goma sha ɗaya?
Ke ce kika ce mini ƙyalle ba ya komai.
Nan kika tsaya, da shuɗiyar riga.
Maigidana ya ji maganarki,
ya tafi kasuwar Iquitos da hancinsa a waje.

Na kai hannu ga igiyar inji.
Na san yadda irin wannan ke ƙarewa.

Akwai takarda daga Lima a jakarta, mai hatimi biyu.
Nélida ba ta ciro ta ba.
Ta ajiye akwatin a inuwa, ta ce:
Ni ce. Na faɗa.
Iyakar abin da muka sani ke nan a ranar,
kuma ba daidai ba ne.

To wannan fa? in ji tsohuwa.
Bayan wata uku sai ki dawo da wani bakin?

Ta ce: Mai yiwuwa wani abu ya canja.
In ya canja, da ƙafata zan zo,
ba rediyo zan aiko ba.
Abin da na sani yau kaɗan ne:
an yi mini, an yi wa mahaifiyata,
kuma a ɗakin da nake kwana kan aiki
na fara ganin gado babu kowa.

Kogi ya wuce da wani kututture.
Tsohuwa ta ɗebo daga tukunya, ta miƙa. Sha.
Nélida ta shanye har gindin ƙoƙo,
ɗaci ya kawo mata hawaye,
ba ta ce yana magani ba,
ba ta ce ba ya yi ba.

Tsohuwa ta ce: Ni ba yau ba.
Amma ta matsar da tukunyarta daga bakin hanya.

Cikin mutum sittin, biyar suka sauko.
Kwalba ɗaya ta mutum shida ce,
in an huda ta, ba ta kwana.
Nélida ta ɗaga allurar ƙarshe,
ta duba gaɓa, ta duba ayaba.

Wata huɗu ina dakon akwatin nan
ƙauye bayan ƙauye,
ban taɓa gaya mata ba
cewa ni ma wannan rediyon na ji.

Na saki igiyar inji.
Na naɗe hannun riga.