Takardar Rumasa'u

Ta ajiye takardar a gefen kofin shayina,
ta ce, "Kaka, sa hannu. Baba ya ƙi."
Aikin soja. Ga hotonta a kusurwa, ba murmushi.
A waje 'yan adaidaita na rigimar hanya a Gyaɗi-Gyaɗi,
ni kuwa tuni na kai Boronej,
shekara arba'in da 'yan kai a baya.

Can, a ƙofar gidan kwanan ɗalibai,
akwai tsohuwa mai tsaron makullai.
Zinaida. Gajera, kamar an kife turmi.
Kurma muke ce mata, da Hausa, a gabanta,
don sai ka yi ihu take miƙo makulli.
Ni da na je koyon injin ruwa
na ɗauka duk ilimin gidan yana saman bene.

Ran tara ga Mayu ta zo da wata tsohuwar kwat,
ƙirjin cike da lambobi, kacau-kacau,
sai ka ce makullan nata ne suka haihu.
Na tambaya. Ta zuba mini shayi tukuna.

Tana 'yar sha takwas, in ji ta,
aka datse mata gashi, aka miƙo takalmin ƙato,
ta cusa tsumma ya cike gurbin.
Su shida a gindin igwa guda, duk mata,
suna jiran jiragen da ke zuwa da dare.
Igwar ce ta cinye kunnen.
Biyu suka koma gida.

"Da muka koma," ta ce,
"matan layinmu suka ja 'ya'yansu ciki.
Wai wa ya san abin da muka yi a cikin maza.
Shekara ashirin lambobin nan suna cikin safa
a ƙarƙashin katifa."

Ban ce komai ba. Rashancina bai kai nan ba.
Hausar ma, ban tabbata ta kai ba.

Na dawo, na yi shekara talatin a Challawa
ina tura ruwa cikin birni.
Na ba da labarin ƙanƙara har an gaji da ni,
na Zinaida kuwa ya zauna a safa.

Yanzu ga jikata tsaye,
hannu a baya tun kafin a koya mata.
Ina tsoron harsashi, Allah ya sani.
Ina kuma tsoron majalisar ƙofar gida,
inda ake harbi da ɗan yatsa, ana ɓare gyaɗa,
ba a taɓa rasa saiti ba.

Biron ya ƙi. Na kaɗa shi, na hura masa.
Na ce, "Lamba nawa kike sawa?"
Ta dube ni. "Talatin da takwas."

Hannun ya yi rawa, sunan ya fito a karkace.
"In kin je," na ce,
"ki ce su ba ki daidai ƙafarki."