Ramin Kakan Vlasta

A Moraviya, cikin Nuwamba,
Vlasta ta goya tukunyar iska,
ta shiga ruwan da ya haɗiye ramin fasa dutse.

Sanyi ya fara da leɓɓa,
sannan ya ciji goshi.
Radim ya juya babban yatsa ƙasa.

Mita goma sha takwas.
Tocila ta kama amalanke
kwance bisa tsatsar dogo,
wani tsohon kifi na gadinta kamar mai albashi.

Nan kakanta ya shekara talatin
yana tarin ƙura.
Yau ƙurar ta kwanta, ta zama laka.
Ta shafa ta da safar hannu,
sai ta tashi, ta rufe ido.

Kumfa na hawa.
Agogon iska ya ce ya isa.
Vlasta ta yi kamar ba ta gani ba.