Bugu na Uku, Mai Bango Ruwan Toka

Na'urar da ke lissafa albashi a ma'aikatarmu
ta girme ni da shekara tara.
Ran Litinin ta yi yaji.
Magana ɗaya take nanatawa, kamar mai zafin zazzaɓi:
kuskure a layi na ɗari biyu da sha huɗu.

Oga ya ce, ai ke kika karanta kwamfuta.
Na karanta, ranka ya daɗe, amma ba wannan yaren ba.
Wannan Kobol ne, yaren kakanni.
Mu a Naraguta sunansa kawai muka ji,
yadda muke jin labarin haƙar kuza.

Na tambayi waya, ta zubo mini littafi ɗari,
kowanne da injin da yake yi wa magana.
Wanda ya san namu, bugu na uku,
sai an biya da dala,
katina kuwa ko Bukuru bai taɓa tsallakewa ba.

A Taminus mai shimfiɗa littattafai ya karkato kunne:
Kobol kika ce, ko kwabo?
Ya ce akwai.
Ɗan kasuwa ba ya cewa babu da safe.
Ya tona, ya tona, ya miƙo mini
littafin koyon tuƙi da na kiwon zomo.

A laburare Malama Uwani ta ja aljihun katako,
ta bi katuna da yatsa tana lasar leɓe.
Ga shi nan, ta ce, muna da shi.
Wato mun taɓa samunsa.
An ara da damina, shekara talatin da ɗaya ke nan.
Sunan mai aro da jan biro: Istifanus Dalyop.

Kwana biyu ina bin suna kamar mai bin bashi.
Mai gyaran rediyo ya tura ni wurin mai chaji,
mai chaji ya ce in hau keke zuwa Kabong,
in wuce dutsen da ya ɗauki ɗan'uwansa a ka,
in nemi ƙofa shuɗiya.

Mama Kaneng na tsince acca a faifai.
Ta ce, kin makara da shekara uku, 'yata,
yana can bayan coci yana hutawa.
Sai ta kakkaɓe zane, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Kwat ɗinsa a sama, ƙamshin kafur,
a ƙasa kuma littafin,
ya kumbura kamar ya sha kuka,
bangon an ɗaure da zaren buhu.

Na buɗe. Turawa sun rubuta tsakiya,
shi ya rubuta gefe.
Fensir siriri, layi bisa layi:
nan littafin ya yi ƙarya.
Nan injinmu ba ya yarda sai an lallaɓa.
Kananzir, sabulu, kuɗin makarantar Davou.
Can a shafi na tamanin da bakwai:
gurbin albashi lamba shida kawai yake ɗauka,
ran da kuɗi suka yi yawa suka rasa daraja
zai fashe. Wanda ya zo bayana, ƙara masa uku.

Na zauna a ƙasa.
Ni ce wanda ya zo bayansa.

Ta ce ba ta ba da aro,
gidan nan an san abin da aro ke yi wa littafi.
Muka yi dariya har faifai ya karkace.
Na ɗauki hoton shafi bayan shafi
tana riƙe mini gefen da yatsa biyu
kamar mai riƙe hannun jariri,
har batir ya mutu, na ci gaba da biro.

Ran Alhamis albashi ya fita.
Ba wanda ya tambayi yadda aka yi.

Yanzu in ƙananan ma'aikata suka ce,
Anti Lantana, ina ake samun littafin nan?
Sai in ce: Kabong, ƙofa shuɗiya.
Ku tafi da sukari da ganyen shayi,
ku wanke hannu,
kada ku je ran Lahadi da safe.