Faifai Arba'in Kafin La'asar

Jiya da dare na bar wa Barmu shago.
Allon ya tambaye shi: a sabunta?
Yaro mai ladabi, bai iya musu da kowa ba,
ya danna "to", ya ja ƙofa, ya tafi cin tuwo.

Da safe injin ya tarbe ni da sabuwar fuska,
sumul, kamar ɗan da ya shekara a Yamai
ya dawo yana tambayar hanyar gidan kakarsa.

Faifan da nake kwafa kafin shayi ya tafasa
yau ya cinye rabin awa, bai kai rabi ba.
Koren layin nan yana jan ciki
kamar famfon Birni a tsakiyar bazara:
ɗigo,
shiru,
tari,
ɗigo.

Fannata na kan benci tun hantsi, jaka a cinya.
Gobe sadakar arba'in ta mahaifinta.
Duk wanda ya taso daga Mirya ko Tanut
tana so ya koma da muryar tsohon a aljihu.
Baduku ne. Bara jikansa ya ɗauke shi da waya
yana ɗinka jan fata, yana surutu shi kaɗai.

Na fara da zargin faifan.
Na ce ɗan Kasuwar Dole ya haɗa ni da jabu,
na farke sabon kwali. Jiya i yau.
Na zare igiya, na hura mata baki, na mayar.
Na goge idon na'ura da auduga
a hankali, kamar mai share wa jariri kwantsa.
Na sallami mai gadin ƙwayar cuta,
ko shi ke zazzage kowane ƙunshi
irin na jandarman hanyar Magarya.
Ba shi ba ne, na ɗauki alhakinsa.
Barmu ya ce ko a tofa masa addu'a.
Na dube shi, ya tafi sayo ƙanƙara.

Don kada shirun ya yi mana yawa
na saki hoton a allo.
Ga hannuwa, jijiya rututu, ga basilla.
"Kada ka ja zare da fushi," in ji tsohon,
"fata ba ta manta abin da aka yi mata."
Fannata ta gyara mayafi, ba ta ce komai ba.

Sai na ɗora tafi a bayan injin.
Zafi rau. Fanka na haki.
Wannan ba malalaci ba ne, na ce,
wannan ɗan dako ne.

Can cikin saiti, a lungun da ba na leƙawa, na gano ta:
da can labari ta bututu yake bi,
daga rumbu zuwa faifai, ba ruwan kowa.
Sabon direba ya toshe bututun,
ya bar ƙwaƙwalwar inji da sanda a kafaɗa
tana jido garwa biyu-biyu
kamar ƴan ga-ruwa a hawan duwatsu.

Na kori baƙon, na kira tsohon direba.
Na kashe. Na ƙirga goma. Na kunna.

Minti huɗu.
Tiren ya turo harshe, faifai da ɗuminsa
kamar waina daga tanda.

Ladan bai gyara murya ba muka cika arba'in.
Ta ƙirga jikkunanta, ta tsaya a bakin ƙofa.
"Ashe da sauri haka," ta ce.
"Ai da ka bar shi ya ƙarasa maganar."

Barmu, in ya sake tambayarka,
ka ce mai shagon ba ya nan.
Miƙo mini faifai ɗaya.
Na arba'in da ɗaya nawa ne.