Shaidar Hayaƙi

A Kumo, bayan ɗakin haihuwa, inda kwata ta karkata,
akwai ɗaki mai taga ɗaya da jan rubutu a ƙofa.
Nan nake wuni, ni Hajjo, hannuwana cikin akwatin gilashi,
ina buɗe sirrin waɗanda tari ya hana barci:
ƴan ƙananan kwalabe, kowace da suna, kowace da kaki.

Akwatin yana gurnani tun safe.
Aikinsa ya janye iskar gabana, ya haura da ita,
ya tace ta a rariyar da ta fi ta tankaɗen Inna ƙanƙantar ido,
don abin da ke cikin kwalba
kada ya koyi hanyar huhuna, kada ya bi ni gida a jiki.

A gefensa an manna ƴar takarda
mai kwanan wata da sa hannu.
Wa'adinta ya cika tun kafin azumi.
Na faɗa, na rubuta, na sake faɗa.
Aka ce kuɗi ba su sauko ba.
Ai yana ƙara, ai fitilarsa na ci,
ki ci gaba da aiki.

Ido ba mudu ba ne, wai ya san kima.
To wane ido ya san kimar iskar ɗaki?

Sai ran wata Talata, ana yayyafi,
Malam Bappayo ya sauka daga motar Jos
da jaka biyu, ƙafar wandonsa ta sha taɓo.
Ko ruwa bai sha ba.
Ya auna gudun iska a bakin gilashi, gurbi gurbi, yana rubutawa,
kamar mai rabon gonar gado da ke tsoron cin haƙƙi.

Sannan ya kunna ɗan sandansa.
Farin zare ya fito.
Ta dama ya shige ciki kamar an kira sunansa.
Ta tsakiya ya shige.
Ta hagu, daidai inda nake dafa gwiwar hannu,
ya tsaya, ya yi shawara, ya murɗe,
ya juyo waje.
Ba wanda ya buɗe baki.

"Kun taɓa matsar da shi?"
Bara, lokacin fenti, majiya ƙarfi huɗu suka ja shi a ƙasa.
Ya hau tebur da na'ura mai shinshina,
ya bi gefen rariyar a hankali har ta yi kuka.
Ƙofar ba ta kai tsinin allura ba.
Ta nan ake kawo farmaki.

Oga Maigari ya ja shi gefe.
"Marasa lafiya na layi, Malam. Buga hatimi, gyara ya biyo baya."
Ya ce, "Hatimi ba ya tace iska.
Ni suna kawai zan sa, ita ce za ta sa numfashi."
Ya manna jar takarda. Oga ya ja tsaki.

Daren nan na ƙirga watanni a yatsu, biyar,
Nenne tana tsotso, tana wasa da sarƙata.
Da safe na ɗauki kwalba sabuwa,
na rubuta sunana a kai da hannuna.
Ban taɓa sanin biro na da nauyi haka ba,
ko yadda layin waje yake da tsawo in kai ne a ciki.

Mako uku kwalabe na tafiya Gombe a bayan babur,
cikin kula, an ɗaure da roba.
Tawa ta je, ta dawo ba komai.
Ban yi guɗa ba. Na zauna a dakali har inuwa ta tashi,
kafin gwiwoyina su sami sauƙi.

Ya dawo, ya turare akwatin, ya rufe shi kwana guda,
ya sa sabuwar rariya, ya sake awo daga farko.
Dama, tsakiya, hagu. Ya maimaita hagu don ni.
Sabon kwanan watan na kwafe shi da gawayi a bangon madafata,
kusa da ranar allurar Nenne.
Yanzu in aka ce mini lafiya lau, ba na musu.
Ina dai cewa a kira mini hayaƙi.