Goro a Kafaɗa

Akwai wani goro a kafaɗata ta dama,
ba na ci ba, ba na biki ba.
Tsakanin wuya da allon baya ya shimfiɗa tabarma,
baƙon da bai yi sallama ba,
bai kuma faɗi ranar tafiya ba.

Ni ne Ɗan'asabe mai surfani,
rumfata na Domayo, bayan masu albasa.
Shekara goma sha bakwai a kan keke ɗaya,
na yi wa rigunan Marwa aska biyu da aska takwas,
na warware zaren da ya sarƙe ba adadi,
amma ƙullin jikina ya gagare ni.

In an kira ni ta baya, sai in juya har da ƙirji
kamar wanda ya haɗiyi taɓarya.
Wajen sallame salla dama takan ƙi,
hagu ta bi da ƙyar.

Na sha ƙwaya, na shafa man zafi.
Tasalla ta gasa min da tsumma,
ta danna da babban yatsa har na kira sunan kakata.
Garga wanzami ya kafa ƙaho uku,
ya nuna min baƙin jini, ya ce mugun ya fita,
na ba shi dala ɗari.
Kwana biyu na yi barcin jarirai.
Ran na uku goro ya dawo,
har ya zo da ƙanensa hagu.

Sai wata Laraba Goggo Dudu ta zo karɓar rigar jikanta,
ita da ta tsufa a aikin asibiti.
Ba ta taɓa ni ba.
Ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta ce, "Ɗinka in gani."

Na taka keke. Ta yi dariya.

"Kunkuru kake? Kanka ya bar gida ya yi gaba.
Kai tulu ne cike da ruwa, ɗana.
In yana bisa gammo, wuya ba ya kuka,
in ka miƙa shi gaba, kafaɗa ke biyan kuɗin dako.
Idonka ya gaji, da hanci kake bin allura.
Kujerarka ta nutse, kafaɗunka sun hau gaida kunnuwa.
Ga haƙora a cije. Wa ke bin ka?"

Na ce mai rumfa,
da kuɗin makarantar Ladidi,
da riguna talatin kafin Salla.

Ta ce, "Tsoka ba ta san lissafi ba, riƙo ta sani.
Tun asuba take riƙe, wa ya ce mata ta saki?
Tausa tana kashe ƙishi,
amma ba ta haƙa rijiya."

Na sa katako a ƙarƙashin kujera.
Na je aka auna idona,
tabarau ya nuna min ramin allura kamar ƙofar gari.
Duk sanda zaren kwarkwaro ya ƙare
ni ma sai in miƙe,
in mayar da haɓa gida,
in juya kafaɗu baya sau goma,
in saki dogon numfashi,
yaran shago suna ƙunshe dariya.
Da yamma ni ke jan guga yanzu,
baya ya koyi ja bayan shekarun duƙawa.
Ina taka yashin Mayo Kaliyawo har inuwar darbejiya ta ƙare.
Riga goma na mayar wa masu ita,
biyu sun yi fushi har yau.

Bai tafi dare ɗaya ba.
Sai da masakwa ta nuna a fadama
goro ya koma kamar ƙwayar wake.

Yakan leƙo har yanzu,
ranar da na manta kaina a kan wuyan wata riga.
Ba na zaginsa kuma.
In ya ƙwanƙwasa, sai in ɗage ƙafa daga keke,
in ce na ji,
in tashi in sha ruwa.