Iskar da Muka Hana Ukkubanda

Ƙarfe biyun dare a Anuradhapura,
fanka na juyi, zafi bai san tana yi ba.
Na ɗiga fitsarinsa a kwalbar gwaji,
na barbaɗa farin gari, na girgiza,
ina roƙon ruwan ya tsaya a launinsa.
Bai tsaya ba.
Ya yi shuɗi, ya ƙara, ya koma kamar baba,
shuɗin da kowace mai jinya a ɗakin nan ta sani,
ba ta kuma fatan sake gani.

Farakwat. Shekara nawa da aka hana sayar da shi?
Doka ta shiga kantuna, ta kwashe jarkoki,
amma ba ta leƙa rumfar bayan gidan tsoho ba,
inda ragowar wata damina
ke kwance a kwalbar lemo, ba takarda, ba suna.
Ya dawo daga fadamar shinkafa, duhu ya fara, ƙishi ya kama shi.
Ya kurɓa, ya tofar, ya kuskure baki a bakin rijiya.
Ya ce mini, ai ban haɗiye ba, 'yata.

A aji an taɓa zana mana shi a allo:
zobba biyu maƙale da juna kamar ankwa.
In ya sauka a ganye, rana na sama,
sai ya fizge ƙwayar lantarkin da ganye ke girki da ita,
ya miƙa wa iskar oksijin, ita kuma ta haukace,
ta yayyaga duk abin da ta taɓa.
Shi ko ya koma yadda yake, hannu wofi, ya sake fizga.
Dillali ne da ciniki ba ya cinye shi.
Kafin gobe da la'asar ciyawa ta ƙone, ba wanda ya ga hayaƙi.

Huhu ba ganye ba ne, amma huhu wawa ne:
yana tsamo shi daga jini da kansa,
ya zaci ɗan gida ne, ya shimfiɗa masa tabarma.

Seelawathi ta kama hannun rigata.
Ga tukunyar iska can jingine da bango,
kun sa wa na wancan gadon, don me ban da babana?
Ta yaya zan gaya mata wutar tana ciki,
iskar nan kuma itace ce?
Na ce likita ya ce a dakata. Na kau da ido.

Abin da muke da shi yumɓu ne, an dama da ruwa,
don ƙasa kaɗai ke kama shi ta riƙe gam,
a gona haka, a ciki ma haka, in an zo da wuri.
Ba su zo da wuri ba. Gada ta karye a hanya.
Ya karɓi kofin, leɓɓansa duk sun salluɓe, ya yi dariya:
shekara hamsin ina bin ƙasa da fartanya,
yau ga ta an kawo mini ita a kofi.

Kwana tara hankalinsa bai gusa ko kaɗan ba.
Ya ce ranar Laraba ce rabon ruwansu daga tafki,
kada a bar giwaye su gane ba kowa a rumfar gadi,
akwai bashin iri a wurin Jinadasa, a biya.
Magana na gajarta, kalma uku, hutu, kalma biyu.
A hoton ƙirji, inda ya kamata a ga baƙi,
fari ya yi saƙa kamar zaren ɓawon kwakwa.
A dare na tara muka buɗe masa tukunyar,
tunda ba sauran abin da za ta ƙona.

Bayan sati biyu Seelawathi ta dawo cikin fararen kaya,
da wani abu naɗe a tsohuwar jarida.
Ta share rumfar. Akwai wata kwalbar a bayan buhun taki.
Ba ta yarda ta zuba a tafki ba, ba ta yarda da rijiya ba,
ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta riƙe shi nesa da jikinta,
tana tambaya ta ina ake kai irin wannan.